Yaran ƙananan ƙabilu, 'ya'yan makiyaya da kurame: me doka ta ɗora wa gwamnati a kansu?

Tambaya: Ni hedimasta ne a wata firamare ta ƙauye a jihar Bauchi. Yawancin ɗalibaina yarensu suke yi a gida, Hausa sai a kasuwa, Turanci kuwa sai a jikin allo. Akwai 'ya'yan Fulani daga rugagen da ke kusa da mu, suna zuwa da damina su ɓace da rani. Bana kuma an kawo mini wata yarinya kurma 'yar shekara 7, ban san yadda zan yi da ita ba. Dattawan gari sun ce a riƙa koyar da yarensu, ofishin ilimi ya ce babu wannan a tsari. Shin doka ta wajabta wa gwamnati wani abu a kan waɗannan yara, ko alfarma ce in an ga dama a yi?

Amsa: Malam, Allah ya saka maka da alheri da ka karɓi yarinyar nan, ba ka ce iyayenta su koma da ita gida ba. Ba alfarma ba ce. Sai dai abubuwan da ka haɗa a tambayarka ba ƙarfinsu ɗaya ba in an je gaban alƙali. Gurbin yaro a makaranta, kyauta, yana da doka tsayayya. Haƙƙin kurma na a koyar da ita ta hanyar da za ta fahimta shi ma a rubuce yake, aiwatarwa ce ta yi ƙaranci. Maganar yare ce ke ɗingishi, kuma a kanta zan fi daɗewa, don a nan ne mu Hausawa muke da abin da ba mu cika son ji ba.

Kundin tsarin mulki na 1999, a sashe na 18, ya ce gwamnati za ta tsara manufofinta yadda kowa zai samu damar ilimi daidai wa daida a kowane mataki, kuma za ta ba da ilimin firamare kyauta, na dole. Sashe na 21 ya ce za ta kare al'adun ƙasar nan ta raya su. Akwai daɗin ji. Amma duka biyun suna cikin Babi na 2, kuma sashe na 6(6)(c) ya hana kotu sauraron ƙarar da aka gina a kan wannan babi kaɗai. Ga kuma sharaɗin da aka maƙala wa ilimin kyautan, wato sai lokacin da hali ya yi. Shi ya sa lauyoyi suka daɗe suna ɗaukar babin nan tamkar kyanwar Lami, ba cizo ba yaƙushi.

Abin ya canza a 2004, lokacin da aka yi dokar ilimin bai-ɗaya, wadda ta haifi hukumar ilimin bai-ɗaya ta tarayya, wato UBEC, jihohi kuma suka kafa nasu hukumomin, wato SUBEB. Sashe na 2 na dokar ya ce kowace gwamnati a Najeriya za ta ba kowane yaro ilimi kyauta kuma dole, daga firamare zuwa ƙaramar sakandare, shekara 9 ke nan. Babu wancan sharaɗi na "in hali ya yi". Kuma da dokar ta zo fayyace su wa take nufi, ta ambaci makiyaya da masu ƙaura, da 'ya'ya mata, da almajirai, da yaran da ke gararamba a titi, da masu nakasa. Wato 'ya'yan rugar nan da yarinyar nan da sunansu a cikin dokar. A 2017 babbar kotun tarayya a Abuja, ƙarƙashin mai shari'a John Tsoho, ta yanke a ƙarar da ƙungiyar lauyoyi masu kare haƙƙin ɗan Adam, LEDAP, ta shigar cewa tunda majalisa ta yi wannan doka, ilimin kyautan ya zama haƙƙin da za a iya nema a kotu. Kafin nan ma kotun ECOWAS, a ƙarar da ƙungiyar kare haƙƙin jama'a ta SERAP ta kai gwamnatin Najeriya, ta ce a 2009 da 2010 ilimi haƙƙi ne da ake shari'a a kansa, ta dogara da sashe na 17 na Yarjejeniyar Afirka ta haƙƙin ɗan Adam da al'ummomi. Ka riƙe sunan yarjejeniyar nan, za mu dawo kanta. Najeriya ta mayar da ita dokar cikin gida tun 1983, kuma kotun ƙoli ta tabbatar da matsayinta a shari'ar Abacha da Gani Fawehinmi a 2000.

Kuɗin ma doka ta faɗi inda za su fito: kashi 2 cikin 100 na asusun kuɗin shigar tarayya ake ware wa ilimin bai-ɗaya, jiha ta kawo nata kason kafin ta ɗauki na tarayya. Shekara da shekaru ana kukan biliyoyin naira na kwance a UBEC saboda wasu jihohi sun ƙi kawo nasu. Don haka in an ce maka babu kuɗi, ba laifi ka tambaya ko jihar ta ɗauko nata na bana.

Maganar 'ya'yan Fulani ba ta da sarƙaƙiya a doka. Tun 1989, zamanin da Farfesa Jibril Aminu yake ministan ilimi, aka kafa hukumar ilimin makiyaya ta ƙasa, hedikwatarta a Kaduna, kuma aikinta ya haɗa da masunta da manoma masu ƙaura. Hikimar kafa ta ita ce makaranta ta bi rayuwar yaro: lokacin darasi ya dace da lokacin kiwo, zangon karatu ya yi la'akari da tafiyar rani, a samu malami mai jin Fulatanci. Abin da za ka nema shi ne a haɗa ka da sashen ilimin makiyaya na jiha, kuma kada a goge sunan yaro daga rajista don ya tafi da shanu wata huɗu. Ka ba shi takardar da ke nuna ajinsa da inda ya tsaya, ya nuna ta a makarantar da ya tarar a can.

Sai yarinyar. Najeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta haƙƙin masu nakasa a 2010, sannan a watan Janairun 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna musu bambanci. Dokar ta ba su ilimi kyauta har ƙarshen sakandare. Ta ce makarantun gwamnati su zama masu karɓar kowa, kowace ta samu aƙalla ma'aikaci ɗaya da aka horar don kula da karatun masu nakasa, da kayan aikin da suka dace, a kuma sa rubutun makafi da maganar hannu a manhaja. Ta ba da shekara 5 a gyara gine-gine, wa'adin ya cika a Janairun 2024. Lauyoyi kan yi gardama a kan iyakar ikon dokar tarayya a makarantar jiha, tunda ilimi abu ne da tarayya da jihohi suke tarayya a kansa, shi ya sa jihohi irin su Filato da Jigawa da Kano suka yi nasu dokokin. In za a rubuta koke, a kafa hujja da ta tarayya da ta jiha in akwai.

Akwai wani bambanci da kwamitin da ke sa ido kan yarjejeniyar masu nakasa ya fito da shi a 2016, wanda nake so ka fahimta sosai. Zaunar da yaro mai nakasa a aji ɗaya da sauran yara, ba tare da an canza komai a yadda ake koyarwa ba, bai cika sharaɗi ba. Yarinya kurma da za ta shekara 6 tana kallon leɓen malami ba ta gane komai ba, an sa ta a makaranta amma ba a ba ta ilimi ba. Makaranta ce za ta gyara kanta don yaro. Kuma gyaran da ba shi da tsada, kamar zama a gaban aji, da rubuta komai a allo, da ƙarin lokaci a jarrabawa, ba ya cikin abin da gwamnati za ta ce sai ta samu hali. Wajibi ne tun yau.

To amma ga kurame akwai wani abu na daban. Sashe na 24 da na 30 na yarjejeniyar sun ɗauke su a matsayin jama'a masu harshensu da al'adarsu. Mu a ƙasar Hausa mun san haka tun kafin a rubuta: akwai maganar hannu ta gargajiya da kurame ke yi a Kano da sauran garuruwa, wadda masaniyar harshe Constanze Schmaling ta yi nazari mai zurfi a kanta, kuma ta sha bamban da wadda ake koyarwa a makarantun kurame, mai tushe daga Amurka, wadda Andrew Foster ya shigo da ita ta Ibadan a 1960. Shi ya sa ba na cikin masu cewa a rufe makarantu na musamman irin ta Tudun Maliki a Kano ko ta makafi da ke Gindiri da sunan haɗa kowa wuri ɗaya. Kurma na buƙatar wasu kurame kafin harshe ya zauna mata. Abin da doka ta ƙi shi ne a mayar da irin waɗannan makarantu wurin jibge duk yaron da aka ga zai ba da wahala. An ga haka a Turai: a 2007 kotun haƙƙin ɗan Adam ta nahiyar ta samu ƙasar Cek da laifi saboda yadda ake tura 'ya'yan ƙabilar Roma, wasu tsiraru da ke warwatse a Turai, makarantun masu raunin ƙwaƙwalwa ta hanyar gwajin da bai yi la'akari da harshensu da rayuwarsu ba. Ka lura da wannan a ajinka. Yaron da bai amsa tambayar Turanci ba, sau da yawa ba daƙiƙi ba ne, tambayar ce bai ji ba.

Wannan ya kawo mu kan buƙatar dattawanku. A nan zan gaya maka gaskiya ko ba daɗi: babu sashe a kundin tsarin mulkinmu da ya ba yaro haƙƙin a koyar da shi da harshen uwa. Indiya tana da shi a sashe na 350A, wanda ya ɗora wa jihohi ƙoƙarin samar wa 'ya'yan tsirarun harsuna karatun firamare da harshensu. Afirka ta Kudu tana da sashe na 29(2). Mu namu kundin harsuna huɗu kawai ya ambata, a sashe na 55, kan aikin majalisar tarayya: Turanci da Hausa da Ibo da Yarbanci. Hatta sashe na 42, wanda ya hana nuna bambanci kuma ake iya kai ƙara a kansa, ya lissafa ƙabila da asali da jinsi da addini da ra'ayin siyasa, bai ambaci harshe ba. Wannan giɓi daɗaɗɗe ne. Da Turawa suka kafa kwamitin Willink a 1957 don ya binciki fargabar ƙananan ƙabilu, shawarar da ya bayar ita ce a sa haƙƙoƙin ɗaiɗaikun mutane a tsarin mulki maimakon ƙirƙiro jihohi. An kare mutum, ba a yi tanadi don harshen jama'arsa ba.

Abin da muke da shi tun 1977 manufa ce, wato manufar ilimi ta ƙasa, wadda ta ce a shekarun farko na firamare a koyar da harshen uwa ko harshen da aka fi yi a yankin. A Nuwamban 2022, lokacin da Malam Adamu Adamu yake ministan ilimi, majalisar zartarwa ta faɗaɗa abin zuwa shekara 6. A Nuwamban 2025 kuma ministan ilimi Tunji Alausa ya sanar da soke ta, ya ce Turanci ne harshen koyarwa tun daga tushe, yana kafa hujja da faɗuwa jarrabawa. Ka ga illar manufa ke nan: minista ya kawo, minista ya kwashe. Ni dai hujjar ba ta gamsar da ni ba. Shi kansa Adamu Adamu ya faɗa a lokacin cewa aiwatarwa sai an samu littattafai da malamai, kuma kai shaida ne ko littafi ɗaya na yarenku bai iso makarantarka ba. Abin da ba a aiwatar ba, ta yaya zai kayar da yara a jarrabawa? Gwajin da aka yi da gaske a ƙasar nan shi ne na Ife, wanda Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta daga 1970: an koyar da yara da Yarbanci shekara 6, Turanci yana matsayin darasi a hannun ƙwararren malami, kuma yaran ba su gaza takwarorinsu ba ko a Turancin, a wasu darussan ma sun fi su.

Ga kuma inda abin ya shafe mu. Kalmomin nan na "harshen da aka fi yi a yankin", a mafi yawan arewa fassararsu ɗaya ce, Hausa. Bahaushe kan yi fushi, kuma da gaskiyarsa, in an fifita Turanci a kan harshensa. Amma laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. A ƙasar da ke da harsuna sama da 500, harshen da ke haɗiye ƙananan harsunan Bauchi da Gombe da kudancin Kaduna da sassan Filato ba Turanci ba ne. Ajanci, harshen Ajawa, ya mutu a Bauchi tun ƙarnin da ya wuce, masu shi sun koma Hausa. Harsunan mutanen Auyo da Shira da Teshena sai a littattafan masana. Gerawa, dangin Malam Yakubu wanda ya kafa masarautar Bauchi, da yawa daga jikokinsu ba sa jin Geranci. Ba wanda ya sa musu wuƙa a wuya. Kasuwa da aure da rediyo da makaranta ne suka yi aikin, sannu a hankali. Kuma ban ce Hausa ba ta yi amfani ba, ita ce ta sa Basayi da Bajari da Bafulatani suke ciniki ba tafinta. Abin da nake cewa shi ne in dattawanku suka nemi a koyar da yarensu, abin da Bahaushe ke nema wa Hausa suke nema wa nasu. Wanda yake son ya ji yadda abin yake, ya tambayi Hausawan zango a Kumasi ko Akara: Hausa ta cika kasuwa, ana jin ta a rediyo, amma ba ta cikin harsunan da gwamnatin Gana ta ɗauki nauyin koyarwa a makarantunta. A Nijar kuwa, inda aka fara makarantun gwaji na harsunan gida tun 1973, dokar da aka kafa a 2025 ta ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, don haka tambayar da ke gabanka ita ce ke gaban malamin da ke koyar da 'ya'yan Tubawa ko Buzaye ko Gurmawa.

To, in tsarin mulki ya yi shiru, da me dattawan za su kafa hujja? Akwai sashe na 27 na yarjejeniyar haƙƙin farar hula da siyasa, wadda Najeriya ta shiga a 1993, da sashe na 30 na yarjejeniyar haƙƙin yara, wadda ta amince da ita a 1991. Duka biyun sun ce ba za a hana tsiraru yin al'adarsu da addininsu da harshensu ba. Sanarwar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1992 kan tsiraru ta ƙara da cewa, inda zai yiwu, ƙasa ta samar musu damar koyon harshensu ko koyo da shi. Raunin waɗannan shi ne sashe na 12 na kundinmu, wanda ya ce yarjejeniya ba ta zama doka a gida sai majalisa ta mayar da ita. Shi ya sa na ce ka riƙe Yarjejeniyar Afirka. Ita doka ce a nan, sashenta na 2 ya ambaci harshe ƙarara cikin abubuwan da ba a nuna bambanci a kansu, sashe na 17 kuma ya haɗa ilimi da shiga harkar al'adar jama'arka a wuri ɗaya.

A fahimtata, abin da wannan ke bayarwa hawa biyu ne. Na farko hani ne, kuma yana da ƙarfi: ba a dukan yaro ko a ci shi tara don ya yi yarensa a harabar makaranta, ba a canza masa suna a rajista don malami ya kasa furtawa, ba a hana jama'a buɗe ajin koyon harshensu. Al'adar nan ta rubuta sunan masu "yin banakula", wato yin harshen gida a makaranta, a ci su tara, wadda da yawanmu muka taso a cikinta, ba ta da madogara a doka. A nan ne kuma sashe na 38(2) na tsarin mulki yake shigowa, wanda ya hana tilasta wa ɗalibi darasi ko ibadar addinin da ba nasa ba. A makarantar da ta haɗa Musulmi da Kirista wannan sashe ya fi kowane saurin kai hedimasta gaban hukuma. Hawa na biyu shi ne gwamnati ta kashe kuɗi, ta buga littattafai, ta horar da malamai. Wannan wajibi ne da ake cikawa sannu a hankali, kuma da wuya kotu ta ce a yi shi gobe. Amma sannu a hankali ba ya nufin zama wuri ɗaya. Hukumar da ta shekara 40 ba ta buga ko littafin aji ɗaya ba, ba za ta ce tana kan hanya ba. An taɓa yi kuwa: a tsohuwar jihar Ribas, shirin da Farfesa Kay Williamson ta yi wa jagora tun wajen 1970 ya fitar da littattafan koyon karatu a harsuna kusan 20, da haɗin gwiwar gwamnatin jiha da kwamitocin masu harsunan.

Ka kuma raba abu biyu da ofishin ilimi ya cakuɗa maka. Koyarwa da harshe daban, koyar da harshe a matsayin darasi daban. Sanarwar 2025 a kan na farko take. Kuma ba ta hana malami ya yi wa ɗan aji ɗaya bayani da yaren da yake ji ba, abin da kowane malamin ƙauye yake yi ko an ce ko ba a ce ba.

Shawarata ita ce koken ya fito daga iyaye da kwamitin gudanar da makaranta, ba daga kai ba, don kai ma'aikaci ne kuma canjin wurin aiki ba ya wuya. A rubuta shi, kada a tsaya a baki. A aika wa sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, kwafi ga SUBEB da ofishin hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasa da ke jihar, na yarinyar kuma har da hukumar masu buƙata ta musamman ta ƙasa. A nemi abu ƙayyadadde: malami ɗaya mai horon ilimi na musamman, ko da mai zagaya makarantu ne, malami ɗan gari mai jin yaren a aji 1 zuwa 3, izinin darasin yare sau biyu a mako. Dattawa su kafa kwamitin harshe su nemi sashen nazarin harsuna na jami'a, Jos ko Maiduguri ko Bayero, a daidaita musu rubutu, don hukumar NERDC da ke tsara manhaja ba ta sa harshe a tsari sai yana da ƙa'idar rubutu. A wurare da yawa za ka tarar masu fassarar littattafan addini sun riga sun yi rabin aikin.

Kai kuma abin da ke hannunka: ka tabbata yarinyar da 'ya'yan rugar sun shiga ƙidayar makarantu ta shekara-shekara da bayaninsu daidai, don da wannan ƙidaya ake raba malamai da kaya. Ka sa iyayen su kai ta asibiti a auna jinta, wani lokaci akwai sauran ji da na'ura za ta taimaka. Ka tambayi mahaifiyarta alamun da suke magana da su a gida, ka koya wa 'yan ajinsu. In akwai babban kurma a garin ko a kasuwar da ke kusa, mai maganar hannu sosai, ka roƙe shi ya riƙa leƙowa ko sau ɗaya a mako kafin a turo muku malamin.